Baba Zamani Mai Fito, da Ƙarfen da Ban Buga Ba

Ranar Juma'a, goma sha tara ga watan Agusta na wannan shekara ta 1977, wajen ƙarfe goma na safe, Baba Andrawus Zamani Tagwai, mai fito na mashigin Ungwar Ƙetare, ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika a ɗakinsa, a bakin kogin da ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana ƙetarar da mu. Labarin ma bai iso mana da baki ba, domin kogi ya cika ya tumbatsa, babu mai hayewa. Wani tsoho ne ya fito a can tsallake, ya ɗaga filafilin marigayin sama har sau uku, sa'an nan ya kafa shi a cikin yashi. Mu da ke wannan gaɓa ta Tudun Mishan muka gane abin da ya faru.

Baba, dattawa sun ce in rubuta 'yan kalmomi a kanka, tun da ni ne magatakardan ikilisiya, kuma ni ne mai tafireta. To, ga shi na zauna. Amma wannan karon ba abin da aka shifta mini zan rubuta ba. Takarda biyu na taɓa bugawa da sunanka a kai. Ta farko ta cuce ka, ta biyu kuwa ba ta same ka ba.

Bari in fara da abin da yaran yanzu ba su sani ba. Kafin a ga jirgi a wannan mashigi, mahaifinka Tagwai da gora yake fito. Mutum ya rungume ƙaton gora, a ɗaure masa kayansa a ka, Tagwai yana iyo yana tura shi har tsallake. A wurinsa ka koyi ruwa. Ka sha gaya mini cewa buhun citta ya fi mutum daɗin turawa, domin citta ba ta ihu, ba ta kuma shaƙe wa mai fito wuya a tsakiyar kogi. Da citta ta yi kasuwa bayan yaƙin duniya, buhuna suka yi wa gora yawa, sai ka nemo wani Banufe masassaƙi, kuka yi wata uku a kurmi kuna fafe maɗaci guda. A shekarar 1946 aka tura wannan jirgi cikin ruwa. Tun yana sabo ful ka sa masa suna Tsohuwa, wai don ya ji kunyar yin rawar kai. Duk cittar da ta fito daga ƙauyukan tsallake zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, a bayan Tsohuwa ta hau. Haka 'yan makaranta, da amare, da marasa lafiya, da gawa.

Jirgi na biyu kuwa shi ne abin alfaharinka, shi ne kuma ya jawo maka abin da ya jawo. Ka lura ma'aikatan reluwe suna zuwa bakin kogi da kekunansu ranar hutu, su tsaya suna kallon ruwa kawai su koma. Ka ce ashe akwai mutanen da za su shiga jirgi ba don za su ko'ina ba. A 1955 ka sa kafinta ya haɗa maka jirgin katako mai benci huɗu da rumfar zana, ka sa aka rubuta masa Sha-Kallo da shuɗin fenti. Kakan ɗauke su ka yi sama da su mil biyu, har Bakin Tsawa, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Akawuna masu farin gajeren wando, da nas-nas na asibiti, da malaman kwaleji, duk sun zauna a bencin nan. Kana tuƙi kana nuna musu birai da sheƙar tsuntsaye, kana ba su labarin wani kada da ka ce sunansa Sufeto, wanda ni dai a shekaruna ban taɓa ganin ko wutsiyarsa ba. In kun kusa kwanar ƙarshe sai ka ɗaga filafili daga ruwa, ka ce kowa ya yi shiru. Kana so su ji ƙugin ruwan da kunnensu kafin idonsu ya gan shi. Na shiga sau ɗaya a ɓoye, ina ɗan makaranta, kuma har yau ban manta shirun nan ba.

Da rikicin 1966 ya zo, yawancin masu hawa Sha-Kallo suka bar Kafanchan, waɗansu ba su sake dawowa ba. Shekara huɗu jirgin yana kife a kan yashi. Duk da haka kowane rani sai ka shafe shi da kwalta, ka sabunta fentin sunansa. Mutane suna yi maka dariya, kai kuwa ka ce jirgi ba ya sanin an yi yaƙi. Bayan yaƙin basasa jirgin ya koma ruwa, ya ci gaba da aikinsa.

Abu biyu ne dokar mashiginka, kuma kowa ya san su. Na ɗaya dutsen nan na tsakiyar kogi da ka sa wa suna Dutsen Haƙuri. In ruwa ya rufe kansa, babu fito, ko wane ne ya zo. Ka taɓa zaunar da wani babban ma'aikaci daga Kaduna kwana biyu a bakin ruwa, yana zagi da Turanci, kana gasa masa masara. Na biyu shi ne guntun ƙarfen layin dogo da ka rataye a jikin ɗorawar wannan gaɓa tamu, da ƙatuwar ƙusa ɗaure kusa da shi. Gidanka yana tsallake, kuma in ruwa ya cika murya ba ta kaiwa, amma ƙarar ƙarfen nan tana shiga har ɗakinka. Bugu ɗaya, mutum ne. Bugu biyu, mutum da kaya. Bugu uku, rai ne a hannun Allah, a yi sauri. Akwai kuma wanda ka kira bugun albishir, wato a yi ta bugawa ba tsayawa. Da shi mutanen tsallake suke sanin matar da aka kai asibiti ta sauka lafiya, ko ɗan wani ya ci jarrabawa. Ba ya bukatar jirgi ya motsa. Saƙo ne kawai, don kada mutum ya kwana cikin zullumi.

Yanzu na zo kan abin da ba a so in faɗa.

Ɗakin sujadarmu yana Tudun Mishan, rabin masu bi kuwa a tsallake suke. Kowace Lahadi tun da sassafe kana jigilarsu, sawu shida ko bakwai, ba ka karɓar ko anini. Kai ne kullum na ƙarshe da ke shiga sujada, wandonka jiƙe har gwiwa. Da yamma kuma sai ka fita da Sha-Kallo, domin Lahadi ce kaɗai ranar da ma'aikata ke da sarari. A 1963 Dattijo Luke, wanda a lokacin yake zaune a tsallake, ya hango kwalaben giya a cikin raga, an ɗaure su a gefen jirgin suna shan sanyin ruwa, ga kuma garmaho yana kiɗa. Kowa ya san kai ba ka sha. Na baƙi ne. Amma aka kira ka gaban dattawa, aka ce ka daina aiki ranar Ubangiji.

Ka ce to. Lahadin da ta biyo ka ɗaure jiragenka biyu, ka zauna a gida. Rabin bencuna suka kasance wayam, mawaƙa uku ne kawai, dattawa biyu kuma suna tsaye a tsallake cikin manyan riguna suna ɗaga hannu. Sai aka sake kiran ka don a gyara magana. Ina wurin, ina ɗan shekara ashirin da huɗu, sabon magatakarda, alƙalamina a hannu.

Dattijo Luke ya ce, "Fiton safe aikin Ubangiji ne, ka ci gaba da shi. Na yamma kuwa ciniki ne a ranar hutu."

Ka ce, "Dattijo, ni ban yi makaranta ba. Ku gaya mini ƙarfe nawa ne ruwan nan yana zama zunubi, in sani. Jirgin yamma ne yana ciyar da jirgin safe. Katako da kwalta ba a sujada ake samu ba."

Wani ya yi dariya a bayan ɗaki, kuma ina jin dariyar nan ce ta gama da kai. Aka sa ka a horo har sai ka tuba. Ni na buga takardar, na yi ta gyara layukanta don ta yi kyau, ina jin kaina wani ne. Da aka tashi taro, kai ne ka mai da dattawan tsallake gida. Na ga lokacin da ka kama hannun Dattijo Luke ka shigar da shi jirgi, kana ce masa, "A hankali, Dattijo, akwai santsi."

Shekara goma sha huɗu, Baba. Shekara goma sha huɗu a bencin baya, kusa da ƙofa, inda awaki ke leƙowa. Ba ka da izinin yin addu'a a gaban jama'a, ba ka da rabo a jibin Ubangiji, wato gurasar nan da masu bi ke ci tare a sujada. Ranar jibi, in aka ce waɗanda ke cikin horo su fita, sai ka tashi ka gangara ka zauna a cikin Tsohuwa kana jiran mu gama. Masu zina sun shiga horo sun fita. Wanda ya sayar da kwanon rufin makaranta ya yi wata shida ya fita. Kai kana nan. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne gurasar. Matarka, Mama Martina, ita ce ke toya gurasar jibi a tsallake, kai kuma kake ƙetaro da ita a kan cinyarka, lulluɓe da farin ƙyalle don kada ruwa ya taɓa ta. Ka kawo ta har ƙofa ka miƙa mini. Mu muka ci, kai ba ka taɓa sanin ɗanɗanonta ba a duk shekarun nan.

Kowace shekara bayan girbi sai ka tare ni a jirgi, ka rage murya, ka ce, "Malam, takarda na fa?" Ni kuma in ce, "Ana duba maganar, Baba." Ba a duba komai. Ni ne mai tsara abin da za a tattauna a taro, kuma ban taɓa sa sunanka ba. Da fari ina neman zama hedimasta, Dattijo Luke kuwa yana cikin kwamitin makaranta. Daga baya na samu kujerar, sai na shiga tsoron rasa ta. Ban da wannan ba ni da wata hujja, kuma na gaji da neman ta.

Amma ka san abin da ka yi mini. A damanar 1969 ina koyarwa a tsallake, matata Hellen ta yi kwana biyu tana naƙuda, abu ya gagari ungozoma. Hanyar asibiti tana wannan gaɓar, Dutsen Haƙuri kuwa ko alamarsa babu. Na zo ƙofarka da rana tsaka na durƙusa a cikin taɓo. Ka dubi kogin ka daɗe. Ka shiga ɗaki ka yi wa Mama Martina wata magana da ban ji ba, ka fito da igiya. Ka ja Tsohuwa ta bakin gaɓa kusan rabin mil zuwa sama, don in ruwa ya kwashe mu ya yar da mu daidai mashigi. Ka ɗaure Hellen da tabarmarta a cikin jirgin, ka ce mini, "Malam, zauna a tsakiya, riƙe madam, kada ka duba ruwa." Ban duba ba. Fuskarka na yi ta kallo, kuma a ranar na san kana jin tsoro kamar kowa. 'Yata Irene yanzu tana aji biyu. Wannan ne karo ɗaya tak da ka karya dokar dutsenka. Kuma shekarar nan ce kaɗai ba ka tambaye ni takarda ba, don kada in ɗauka ladan abin da ka yi kake nema. Na gane haka sarai, amma na yi shiru.

A watan Afrilun bana ƙafafunka suka kumbura, numfashi ya fara yi maka wuya. 'Yarka Afiniki ta karɓi sanda da filafili, ta ci gaba da fito da Tsohuwa, aka ja Sha-Kallo kan yashi. Da na ga jikin ba na tashi ba ne, sai a ƙarshe na sa sunanka a takardar taro. Ranar Lahadi, sha huɗu ga Agusta, da Afiniki ta kawo masu sujada, na raɗa mata cewa yau za a yi maganar. Da ta dawo ɗaukar su da tsakar rana ta kawo mini saƙonka.

Ta ce, "Baba ya ce in sun yarda, ba sai takarda ba, shi ba ya karatu. Ka buga masa albishir kawai, zai ji daga gado."

Na ce mata zan buga.

Taron bai ɗauki minti goma ba. Dattijo Luke, wanda ya daɗe da dawowa wannan gaɓar cikin gidansa mai rufin kwano, ya ce wata huɗu ke nan jirgin yawo bai fita ranar Lahadi ba, wannan kuwa alamar tuba ce. Dukanmu mun san ko tsayuwa ba ka iyawa. Muka ɗaga hannu, ni kuma na rubuta cewa ka tuba. Sai Fasto ya tuna mana da tsari: kada magana ta fita daga ɗakin nan sai an buga takarda, ya sa hannu, an buga hatimi, an karanta a gaban jama'a Lahadi mai zuwa. Muna fitowa aka kece da ruwan sama. Kafin magariba kogi ya rufe dutse.

Litinin Fasto ya tafi taro Kwoi. Ni kuma na tarar kirtanin tawadar tafireta ya bushe, na hau babur har Kafanchan na sayo sabo, domin ban so takardarka ta fito dishi-dishi. Talata na buga ta, na sake bugawa saboda harafi ɗaya ya karkace. Laraba da yamma na sa farar rigata, na saka takardar a aljihu, na gangara mashigi. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Na tsaya a gindin ɗorawa, na kama ƙusar, har na ɗaga hannu. Sai na tuna babu sa hannun Fasto. Na tuna gidan Dattijo Luke yana kan tudu, zai ji, zai tambayi wanda ya ba magatakarda izinin shela. Na ce a raina, mutumin da ya jira shekara goma sha huɗu, kwana huɗu ba za su gagare shi ba. Na saki ƙusar na koma gida.

Juma'a ka tafi.

Asabar da safe kan dutse ya leƙo, Afiniki ta zo ta ɗauke mu zuwa jana'iza, ni da Fasto da dattawa. Ta gaishe mu yadda ya kamata, ta kama hannun Dattijo Luke ta shigar da shi. Sai da muka kai tsakiyar ruwa ta yi magana, ba ta ma dube ni ba.

Ta ce, "Malam, ranar Laraba Baba ya gan ka."

Na dafa aljihuna, inda takardar take.

Ta ce, "Tun Lahadi, kullum sai ya ce mu fitar da shi, mu jingina shi a jikin Sha-Kallo. Ya ga farin rigan ka. Ya ga ka kama ƙusa. Ya ce mini, Afiniki, yi shiru. Sai ka saki."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce ba komai, sun ƙi ke nan. Malam mutumin kirki ne, ba zai buga mini ƙarya ba. Ku mai da ni ɗaki. Daga nan bai sake cewa a fitar da shi ba."

Ta ci gaba da tuƙi har muka taɓa gaɓa.

A bakin kabari Fasto ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya sa mata hannu, ya karanta ta da murya mai kyau, ya sanar cewa an karɓe ka cikin cikakkiyar zumunta. Amin da Dattijo Luke ya amsa ta fi ta kowa ƙarfi. Bayan an rufe ka na ninke takardar na miƙa wa Mama Martina da hannu biyu. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan na mai rai ne. Ajiye abinka." Tana nan a gabana yanzu, layukanta a miƙe, babu kuskure ko ɗaya.

Ban rubuta wannan don in ɗora wa dattawa kaɗai ba. Sun yi nasu, kuma Allah ya gani. Amma ƙusar a hannuna take. Ka tafi kana zaton ikilisiyar da ka yi wa jigila shekara talatin ta ƙi ka har ƙarshe, ka kuma tafi kana yaba mini a kan abin da ya kamata ka tsine mini. Wannan ne ba zan iya haɗiyewa ba. Na mayar da hatimi da littafin taro, a nemi wani magatakarda. Na ji kuma an ce masu awon ƙasa sun zo sun kafa turaku, za a yi gada a mashigin. In an gama za a yanka kirtani, a yi jawabi, a sa mata sunan wani da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a kogin nan ba.

Mama Martina, ina yi miki ta'aziyya, ko da yake na san bakina ba shi ne ya cancanci yi ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya zama miki mataimaki a kwanakin da suka rage. Afiniki, Allah ya ƙarfafa hannunki a kan sandar mahaifinki, ya kiyaye shigarki da fitarki a ruwan nan. Ina yi wa sauran 'ya'ya da jikoki, da dukan zuriyar Tagwai, da mutanen Ungwar Ƙetare gaisuwar wannan babban rashi. Ban roƙi gafararku yau ba, domin roƙon ma wani nauyi ne, kuma kun ɗauki namu ya isa.

Baba Andrawus Zamani, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Ya zaunar da kai a gaba, a teburinsa, ya ba ka gurasar da ka yi shekara goma sha huɗu kana ɗauka wa waɗansu. Ya kuma gaya maka da kansa abin da na kasa gaya maka ranar Laraba, shi da ba ya jiran sa hannun kowa. Amin.

Rufus Bityong
Tudun Mishan, Agusta 1977